Labarin Malamin Da Ya Koya Wa Hannun Inji Aikin Fiɗa

Wannan labari ne na wani shehun malami na ƙasar Amurka, sunansa Russell Taylor, wanda ya yi kusan shekara 40 yana bin mas'ala guda ɗaya, watau yadda za a yi inji ya taimaki likitan fiɗa ba tare da ya cuci majiyyaci ba. Shi kansa ba likita ba ne, injiniya ne masanin kwamfuta. Amma a yau masana wannan fanni suna lissafa shi cikin waɗanda suka kafa harsashinsa.

Ka sani, ya kai mai karatu, ba wuya a ƙera inji mai ƙarfi, ba kuma wuya ƙwarai a ƙera wanda ba ya kuskuren awo. Abin da ya ci wa masana shekaru shi ne a sa injin ya ji abin da ya ke taɓawa. Gama hannun da ba ya ji, kome gwanintarsa, abin tsoro ne a cikin jikin ɗan Adam. Rayuwar wannan malami kuwa ta bi wannan hanya daki daki, ya fara da awo, ya ƙare a kan ji.

Fasali na farko: Asalin karatunsa

Taylor ya yi karatunsa na farko na jami'a a Johns Hopkins, cikin birnin Baltimore, ya sauke a 1970. Daga nan ya tafi jami'ar Stanford a Kalifoniya, ya sami digirin dakta a ilmin kwamfuta a 1976.

A wancan zamani hannun inji, wanda Turawa ke kira robot, sabon abu ne. Siffarsa kuwa ƙarfe ne mai gaɓoɓi, kamar kafaɗa da gwiwar hannu da wuyan hannu, kowace gaɓa da ɗan inji mai juya ta. Ba shi da wayo ko na anini, abin da kwamfuta ta umurce shi, shi ya ke yi. Mas'alar da Taylor ya yi nazari a kanta ita ce yadda mutum zai gaya wa inji aikin da ya ke so a taƙaice, kamar ya ce a sa wannan ƙusa cikin wancan rami, kwamfuta kuwa ta fassara maganar ta zama motsin gaɓoɓi. Tilas kuma ta yi lissafin kuskuren da ka iya aukuwa, domin babu ramin da ke zaune daidai inda takarda ta ce, babu kuma ƙusar da ba ta da 'yar karkata.

A wannan shekara ta 1976 ya kama aiki a kamfanin IBM, a gidan bincikensu na Thomas J. Watson da ke Yorktown Heights cikin jihar New York. Ya zauna a kamfanin shekara 19. Yana cikin waɗanda suka tsara wani harshe na umurtar injuna mai suna AML, har ya zama shugaban sashen da ke nazarin injunan masana'antu. To, a masana'anta al'ada ita ce a kewaye inji da shinge, a hana kowa kusantarsa sa'ad da ya ke aiki, don kada ya make mutum. Ba da daɗewa ba sai ga waɗansu sun zo da roƙon a cire shingen, a kwantar da mutum mai rai a ƙarƙashin injin.

Fasali na biyu: Likitoci biyu da ƙashin cinya

Waɗannan mutane su ne William Bargar, likitan ƙashi, da Howard Paul, likitan dabbobi, dukansu daga yankin Sacramento a Kalifoniya. Wajen tsakiyar shekarun 1980 suka kai wa IBM kukansu a kan aikin musanya mahaɗar ƙugu.

Ga yadda aikin ya ke. Idan mahaɗar ƙugu ta lalace, don tsufa ko ciwon gaɓoɓi, likita ya kan yanke kan ƙashin cinya, ya rarake cikinsa inda ɓargo ya ke, sa'an nan ya cusa wani dogon ƙarfe mai dunƙulen kai, ya zama sabuwar mahaɗa. A kan riƙe ƙarfen ta ɗayan hanya biyu. Ko dai a liƙe shi da wani siminti na likitoci, ko kuwa a bar ƙashi ya tsiro da kansa ya rungume shi. Hanya ta biyu ba ta yin kyau sai ramin ya dace da ƙarfen sarai. Wanda ya taɓa ganin an sa ruwan fartanya a ƙota ya san wannan. In ramin ya yi faɗi, ruwan ya riƙa girgiɗi. In ya yi ƙunci aka buga da ƙarfi, ƙota ta tsage. Alhali kuwa likitoci da guduma da wani irin magagari su ke haƙa ramin nan. Ƙarfen an ƙera shi da awon inji, ramin da zai shiga kuwa an haƙa shi da kintace.

Taylor da abokan aikinsa, cikinsu har da wani saurayin masani mai suna Peter Kazanzides, suka haɗa kai da likitocin nan suka ƙera injin da aka sa wa suna ROBODOC. Da farko a kan kafa ƙananan ƙusoshi uku na ƙarfen titaniyam a ƙashin cinyar majiyyaci. Sa'an nan a ɗauki hoton CT, watau hoton da ke nuna cikin jiki yanki yanki kamar an yayyanka rake. Likita ya zauna gaban kwamfuta ya zaɓi ƙarfen da ya dace, ya aza shi cikin hoton inda ya ke so ya zauna. Ranar fiɗa, bayan likita ya buɗe wurin da hannunsa, sai a ɗaure ƙashin a jikin injin tam, a nuna wa injin ƙusoshin nan uku ɗaya bayan ɗaya. Da su ne ya ke gane inda ƙashin gaske ya ke, ya daidaita shi da na hoto. Kana ya sa ɗan bakinsa mai juyawa ya sassaƙe ramin bisa awon da aka ba shi.

Tsoron kuskure bai bar su sun dogara ga abu guda ba. Suka sa ma'aunin ƙarfi a wuyan hannun injin, in ya ji turjiya ta wuce ƙa'ida ya tsaya. Suka sa wani ma'auni a jikin ƙashin, in ƙashin ya gusa ya tsaya. Suka sa wani ido na dabam yana duban motsin injin, ba ruwansa da lissafin da injin ke yi wa kansa. Likita kuma yana riƙe da maɓallin tsayarwa a hannunsa. Gwajin da aka yi a kan ƙasusuwa ya nuna ramin inji ya fi na hannu dacewa wajen ninki goma. Daga nan Howard Paul ya yi aikin a kan karnuka 26 masu ciwon ƙugu, aka dace. A 1990 aka kafa kamfani don ci gaba da injin. Ran 7 ga Nuwamba 1992, a wani asibiti na Sacramento, Bargar ya yi aikin a kan mutum na farko. Howard Paul bai daɗe bayan wannan ba, ya rasu a 1993, bai ga inda abin zai kai ba.

Fasali na uku: Abin da ya faru a Jamus

Hukumar Amurka mai kula da abinci da magunguna ba ta yarda a sayar da injin nan da nan ba, ta ce sai an gwada shi a asibitoci da dama an kwatanta da aikin hannu. Gwajin ya nuna ƙarfen ya fi zama daidai, ƙashi kuma bai tsage ba a hannun inji, amma aikin ya fi daɗewa, jini kuma ya fi zuba. A Turai kuwa ba a jira haka ba. Tun 1994 aka fara aiki da shi a birnin Frankfurt, ya bazu cikin asibitocin Jamus, aka yi wa dubban mutane.

Sannu a hankali sai ƙorafi ya fara tasowa. Waɗansu majiyyata suka tashi da ɗingishi wanda bai warke ba. A 2003 waɗansu likitoci na birnin Hamburg suka buga sakamakon kwatancin da suka yi, inda mahaɗa ta goce ga mutum 11 cikin 61 da inji ya yi wa aiki, alhali ga waɗanda aka yi wa da hannu mutum 3 ne cikin 80. Dalilin da suka gani shi ne ɓarnar da a ke yi wa tsokar da ke riƙe ƙugu. Injin yana bukatar a buɗe masa hanya mai faɗi, kuma bakinsa yana bin layin da aka zana masa, ba ya rarrabe ƙashi da tsoka. Yana jin abu mai tauri in ya turje masa, amma nama mai laushi ba ya turjiya, saboda haka ya kan wuce ta cikinsa bai sani ba.

Magana ta kai kotu. Ran 13 ga Yuni 2006 Babbar Kotun Tarayyar Jamus ta yanke hukunci a kan ƙarar wata majiyyaciya. Ba ta ci nasara a ƙararta ba, amma kotun ta kafa ƙa'ida cewa duk likitan da zai yi aiki da sabuwar hanya, wajibi ne ya gaya wa majiyyaci a fili cewa hanyar sabuwa ce, kuma tana iya ɗauke da haɗarin da ba a riga an sani ba. Kamfanin da ke ƙera injin ya durƙushe a 2005, wani kamfanin Koriya ta Kudu ya sayi kayansa. Hukumar Amurka ba ta ba da izni ba sai a 2008, watau shekara 16 bayan mutum na farko.

Taylor bai bi ROBODOC zuwa kamfani ba, ya zauna IBM yana nazarin wata mas'ala. A lokacin likitoci sun fara fiɗar ciki ta ƙananan huji, suna zura doguwar kyamara da dogayen kayan aiki maimakon su tsaga ciki duka. Wahalar ita ce kada kayan su yage bakin hujin. Misalinsa kamar mai juya muciya cikin tulu mai ƙaramin baki, kan muciyar yana yawo a ciki, gindinta yana yawo a waje, amma daidai bakin tulun ba ta matsawa ko'ina. Taylor da jama'arsa suka ƙera hannu mai suna LARS, wanda ƙirar ƙarafansa ita kanta ke tilasta masa juyawa a kan wannan ɗigo guda. Daga baya kamfanin Intuitive Surgical, mai injin da Vinci wanda aka ba izni a Amurka a shekarar 2000, ya karɓi iznin amfani da waɗansu dabarun da IBM ta yi wa rajista a wannan fanni.

Fasali na huɗu: Komawa makaranta

A 1995 Taylor ya bar IBM ya koma Johns Hopkins, makarantar da ya fito shekara 25 da suka wuce, ya zama shehun malami a sashen ilmin kwamfuta. A IBM akwai injiniyoyi, amma babu asibiti. A Baltimore kuwa ga makarantar injiniyoyi, ga babban asibitin jami'ar cikin gari ɗaya. Wanda ya ga abin da ƙarancin sanin tsoka ya jawo wa gwanin inji, ya san darajar zama kusa da masu fiɗa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A 1996 shi da waɗansu masana uku suka fitar da babban littafi da ya tattara abin da aka sani a fannin fiɗa da taimakon kwamfuta. A 1998 hukumar Amurka mai ba da kuɗin binciken kimiyya ta yarda a kafa babbar cibiya ta wannan fanni a Johns Hopkins, Taylor ne shugabanta, tare da haɗin gwiwar jami'ar Carnegie Mellon da makarantar MIT da waɗansu asibitoci. Daga baya kuma ya shugabanci ɗakin binciken jami'ar na injuna da na'urorin ji.

Kada mai karatu ya zaci aikin shehun malami a irin wannan wuri ƙira ce kaɗai. Tilas ya rubuta takardun neman kuɗin bincike, a ba shi ko a hana shi. Tilas ya rubuta abin da ya gano ya aika wa mujallun ilmi, waɗansu masana da bai san ko su wane ne ba su duba, su yi gyara ko su mayar masa. Ba a taɓa dabba sai kwamiti ya yarda, ba a taɓa mutum sai wani kwamitin ya yarda. Ga kuma karantarwa. Taylor ya yi shekaru yana ba da darasin fiɗa da kwamfuta, inda a kan haɗa ɗalibai biyu ko uku da injiniya da likita, a ba su wata matsala ta gaske daga ɗakin fiɗa su yi wata uku ko huɗu suna fama da ita.

Abin da ya ke koyarwa ya tsaya a kan abokan tarayya uku, mutum da inji da bayani. Mutum yana da hankali da hukunci, yana gane abin da bai taɓa gani ba, amma hannunsa na rawa, yana gajiya, idonsa ba ya ratsa nama. Inji ba ya rawa, ba ya gajiya, ba ya tsoron hasken hoton ƙashi, amma ba shi da hukunci. Bayani kuwa, watau hotuna da awo da tarihin majiyyaci, shi ke haɗa su. A tattara bayani, a tsara aiki, a aikata, a duba abin da ya fito, a ajiye shi domin majiyyaci na gaba ya amfana. Wannan tsari daga masana'anta ya ɗauko shi, inda ba a barin kuskure ya wuce ba a rubuta ba.

Fasali na biyar: Hannu biyu a kan alƙalami ɗaya

ROBODOC shi kaɗai ya ke sassaƙa, likita na kallo. Injin da Vinci kuwa likita na zaune gefe guda yana sarrafa shi daga nesa. Taylor ya bi hanya ta uku, wadda ya bayyana tare da abokan aikinsa a 1999, suka sa mata suna Steady-Hand, ma'anarsa hannu mai natsuwa. A nan likita da inji duka suna riƙe da kayan aiki guda. Misalinsa kamar malami da ya kama hannun yaro suna rubutu da alƙalami ɗaya, sai dai a nan mutum ne ke nuna hanya, injin kuwa natsuwa kaɗai ya ke bayarwa. Akwai ma'aunin ƙarfi a mariƙin. In likita ya tura dama, ma'aunin ya ji, injin ya bi shi dama a hankali. Amma karkarwar hannu, wadda ke kai da komo wajen sau 8 zuwa 12 cikin daƙiƙa guda, injin ba ya bin ta. In likita ya saki, kayan aikin ya tsaya cik inda ya ke. Ana kuma iya yi masa iyaka cikin kwamfuta, a ce kada ya wuce nan, ko likita ya tura ba zai wuce ba.

Inda aka fi bukatar wannan shi ne cikin ido. A bangon ido na ciki, daga baya, akwai wani tantani da ke karɓar haske, Turawa na ce masa retina, kaurinsa bai kai rabin milimita ba, in kuwa ya yage ba ya komawa kamar da. Wani lokaci wata siririyar yana ta kan tsiro a kansa ta yamutsa shi, mutum ya riƙa ganin miƙaƙƙen layi a karkace. Wannan ba ita ce yanar da a ke hange a baƙin idon tsofaffi ba, tana can ciki. Maganinta shi ne likita ya huda farin ido, ya zura ɗan hantsaki siriri kamar allura, yana duba ta madubin ƙara girma, ya ɓare ta. Karkarwar hannun gwanin likita ta kan kai wajen kashi ɗaya cikin goma na milimita, watau kaurin gashin kai guda. Jijiyoyin jinin da ke kan tantanin nan kuwa kaurinsu ke nan.

To, a ce an kawar da karkarwa. Saura mas'ala mafi girma. A 1999 waɗansu masana na Johns Hopkins suka auna ƙarfin da likita ke sa wa tantanin ido, suna gwaji da idanun aladu. Suka tarar wajen kashi 75 cikin 100 na taɓawar ba su kai nauyin giram ɗaya ba, kamar nauyin ƙwayar gyaɗa guda ko ƙasa da haka. A irin wannan taɓawa kuwa likitoci ba su ji ba sai wajen sau ɗaya cikin biyar. Ashe mai fiɗar cikin ido yawancin aikinsa ba ya jin abin da ya ke taɓawa, da ido kaɗai ya ke kintata. A nan mutum da inji sun zama ɗaya, dukansu ba su ji.

Fasali na shida: Silin gilashi mai ji

Sa ma'auni a mariƙi ba ya magance wannan. Dalili kuwa, kayan aikin yana goga da farin ido a wurin da ya shiga, ƙarfin wannan guga ya ninka na bakin allura sau da yawa, sai ya rufe shi kamar yadda ganga ke rufe raɗa. Tilas ma'aunin ya kasance cikin idon, kusa da bakin. Wurin kuwa bai kai milimita ɗaya ba.

Taylor da abokin aikinsa injiniya Iulian Iordachita, tare da likitocin ido na cibiyar Wilmer, James Handa da Peter Gehlbach, suka koma ga silin gilashi, irin wanda haske ke bi ta cikinsa, wanda a ke shimfiɗawa ƙarƙashin teku don intanet. A kan yi wa silin waɗansu 'yan zane masu kusa da juna a cikinsa. In aka aika haske, zanen ya kan mayar da launi guda tak, ya bar sauran su wuce. In silin ya miƙe ko ya takure ko da kaɗan, tazarar zanen ta sāke, launin da ke komowa shi ma ya sāke. Suka jera sili uku kewaye da wata waya mai kaurin rabin milimita. In bakin wayar ya taɓa abu ta lanƙwasa, sili na wannan gefe ya miƙe, na wancan ya takure, kwamfuta ta kwatanta ukun ta san ƙarfin taɓawar da inda ta fuskanta. In kuwa zafi ne ya sāke, ukun duka su kan sāke tare, sai a cire wannan daga lissafi. A 2009 suka buga bayanin wannan kayan aiki, wanda ke rarrabe ƙarfin da bai wuce nauyin ƙwayar dawa guda ba.

Saura yadda za a isar wa likita da labari, gama idonsa na kan madubi, hannunsa kuma ba ya jin irin wannan. Sai suka mayar da ƙarfin ya zama ƙara. In yana ja a hankali ya ji 'yar ƙara jefi jefi, in ya ƙara ƙarfi ta ƙara sauri, in ya kusa yaga tantani ta yi masa gargaɗi. Kunne ya karɓi aikin yatsa ke nan. In kuma kayan na hannun inji, injin da kansa ya kan rage gudu in ƙarfin ya yi yawa. An yi ta gwada wannan a kan fatar cikin ɓawon ɗanyen ƙwai, da tantanin ƙwan da ya fara ɗan tsako, kana a idon zomo. Wani abokin aikinsu, Jin Kang, ya sa silin gilashi yana auna nisan da ke tsakanin bakin allura da tantani da haske, don a san saura nawa a taɓa. Wata malama kuma, Allison Okamura, wadda ta karantar a Johns Hopkins daga 2000 zuwa 2011 kafin ta koma Stanford, ta yi nazarin yadda rashin ji ke sa mai fiɗa daga nesa ya ja zaren ɗinki fiye da kima ko ƙasa da kima, da yadda alama ta ido ko ta kunne ke gyara wannan.

Ba injin Taylor ne ya fara shiga idon mutum mai rai ba. A 2016 likita Robert MacLaren ya ɓare irin yanar nan a birnin Oxford na Ingila da injin wani kamfanin Holan mai suna Preceyes. A 2017 likitocin Leuven a Beljiyam suka sa allura mai kaurin kashi 3 cikin 100 na milimita cikin toshasshiyar jijiyar ido da taimakon injin da jami'arsu ta ƙera. Haka ilmi ya ke, wani ya share gona, wani ya shuka, wani ya girbe. Amma dabarar hannu biyu a kan kayan aiki ɗaya ta kai asibiti ta wata ƙofa. Wani ɗalibinsa, Kevin Olds, ya ƙera irinta domin fiɗar maƙogwaro da kunne da hanci, aka kafa kamfanin Galen Robotics a kanta, hukumar Amurka ta ba da izni a 2023. Shi kuwa da Vinci, sai a 2024 aka fitar da samfurinsa na biyar wanda ke mayar wa yatsun likita da jin ƙarfin da ya ke sa wa nama, shekara 24 bayan iznin farko.

Fasali na bakwai: Almajirai da fa'ida

An girmama Taylor da lambobi da dama. A 2015 aka ba shi kyautar Honda ta ƙasar Japan, a 2020 aka zaɓe shi cikin majalisar manyan injiniyoyin Amurka. Amma abin da malami ya bari ba a auna shi da lamba, da almajirai a ke auna shi. Peter Kazanzides, wanda ya fara a ƙarƙashinsa a IBM, ya bi ROBODOC zuwa kamfani ya ga daɗinsa da wuyarsa, ya komo Johns Hopkins a 2002 ya zama malami. Wajen 2012 shi da Gregory Fischer, wanda ya yi karatun dakta a cibiyar nan kafin ya koma karantarwa a Worcester, suka tsara yadda za a karɓi tsofaffin injunan da Vinci da asibitoci suka daina aiki da su, a haɗa musu sababbin na'urorin sarrafawa, a bayyana tsarin a fili kyauta ga kowa. Jami'o'i fiye da 30 a ƙasashe dabam dabam suka sami injin da ɗalibansu za su yi bincike a kansa, abin da a da sai mai miliyoyin dala.

Fa'idar wannan labari ga mai neman ilmi uku ce. Ta farko, mutumin nan bai fara da fiɗa ba, ya yi shekara goma yana koya wa inji aikin masana'anta, ilmin lissafi da awo da ya ƙware a kansa shi ya ɗauka ya shiga da shi asibiti. Wanda bai riƙe tushe ba, ba shi da abin da zai kai wa likita. Ta biyu, bai yi aiki shi kaɗai ba ko sau ɗaya, kowane inji nasa akwai sunan likita a gefensa, wanda ya zo da matsalar, wanda kuma zai ce wannan bai yi ba. Ta uku, lokaci. Daga roƙon likitocin Sacramento zuwa iznin hukuma an haura shekara 20, a tsakani kuwa akwai mutanen Jamus da suka tashi da ɗingishi har ƙarshen rayuwarsu, waɗanda bai kamata a manta da su ba in ana ba da labarin nasara. Sannu ba ta hana zuwa, garaje kuwa a jikin mutum wani ne ke biyan kuɗinsa.

Ga majiyyaci kuma akwai fa'ida guda. Duk wanda aka ce za a yi masa fiɗa da inji, a kowace ƙasa ya ke, yana da haƙƙin ya tambayi likita sau nawa ya yi irin wannan aiki da injin nan, me aka gani ga waɗanda aka yi wa, kuma me za a yi in injin ya tsaya ana tsakiyar aiki. Likitan kirki ba ya jin haushin wannan tambaya.

Tammat.